Kwalbar Jabu da Iskar Oga Sande

Ruwa ake shatatawa ranar da na sauka a tashar Nyanya, irin ruwan da in aka samu guda ɗaya a Damagaram sai a yi ta labarinsa har kaka. Na raɓe a bakin rumfar wata mai gasa masara, akwati a kaina, ina kallon motoci sun cushe kamar tumaki a bakin rijiya. Sunana Mariyama. Shekara bakwai na yi ina koyar da ilimin sinadarai da Faransanci a wata sakandare ta garinmu, kafin in samu gurbin digiri na biyu a wata cibiyar bincike da ke Abuja. Na baro mijina, na baro 'yata Nafisa mai shekara huɗu a hannun Innata. Na taho da tunanin cewa tunda ƙasar Hausa zan je, ba zan yi baƙunta ba.

Mai masarar ce ta fara gyara mini wannan tunani. Ta ce, "Hajiya, ka shigo ciki mana, ruwa yana dukan kayanka." Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, ban ga kowa ba sai ni. Ta jawo mini benci, ta miƙo mini masara mai zafi, ta ƙi karɓar komai. Ita ce ta nuna mini hanyar gidan da aka kama mini ɗaki.

Ɗakin yana Nyanya, cibiyar kuma tana can ɗaya gefen gari. Da na idar da sallar asuba sai in fita, in ba haka ba cunkoson hanya ya cinye mini rabin safiya. A cikin mota nake bitar Turanci, ina motsa baki kamar mai lazimi. Abinci ma sai da muka yi faɗa da shi. Doya da safe, doya da rana, ni kuwa raina yana wurin furar Inna da kwaɗon zogale.

Malamin da aka haɗa ni da shi sunansa Dokta Habibu, mutumin Zariya, marar yawan magana. Ranar farko ya ajiye abu biyu a gabana: kwalba mai ruwa garai-garai, mai kauri kamar man gyaɗa, da wani ɗan baƙin fai-fai da bai fi murfin kwalbar lemo ba. Ya ɗauki fai-fan ya ƙwanƙwasa a tebur, ya yi ƙara kamar tangaran.

"Wannan daga wannan ya fito," ya ce. "Ba yumɓu a ciki, ba ƙasa. Aikinki ki gano mini dalilin da wani yake fitowa lafiya, wani kuma ya fashe."

Ga yadda abin yake, a taƙaice. Ruwan nan folima ne, wato dogayen sarƙoƙi na silikon da oksijin suna bin juna. A jikin kowane silikon akwai 'yan rassa da suka fito gefe, kuma su ne ke yanke wa abin hukunci. Wani reshen, da ake kira metil, ba ruwansa da kowa, ba ya kama komai. Wani kuma, binil, a shirye yake ya kama. Haka ma reshen haidirojin. In aka haɗa sarƙa mai binil da sarƙa mai haidirojin, aka ɗiga musu ɗan sinadarin filatinam, aka ɗumama, sai rassan su kama juna, ruwan ya daskare ya zama raga guda. Wannan ragar ake sawa a tanderu, a kai zafi wajen digiri dubu, ana hura iskar agon don kada abin ya ƙone. In rassan sun kamu da kyau, ragar za ta tsaya a wurinta ta koma tangaran mai jure wuta. In ba su kamu ba, sarƙoƙin sai su tsittsinke su bi iska. Aikina shi ne in riƙa canza yawan binil da na haidirojin, in ga yadda nauyi da ƙwari da tsagewa suke canzawa.

Mai haidirojin muna da shi. Mai binil ne ya ƙare, kuma odar ofis sai ta yi wata huɗu kafin ta iso. Ni kuwa a ƙarshen wata shida zan tsaya gaban kwamiti, kuma duk wanda bai nuna sakamako ba, ba a sabunta masa gurbi.

A nan Malam Bala ya shigo rayuwata. Dillalin kayan gwaje-gwaje ne, yana yawo ofis-ofis da jaka. Da ya ji harshena sai ya tsaya.

"Ƙanwata, daga Nijar? Ai mu ɗaya ne. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce."

Ya gaishe ni da Faransanci, ya tambayi damina a gida, ya ambaci kilishin da ake yi a wajenmu. Wata biyu ke nan ban ji wanda ya san inda na fito ba. Na ji kamar ɗan'uwana ne ya zo. Da na faɗa masa matsalata ya yi dariya ya ce mako ɗaya ya ishe shi.

Dokta bai so ba. Ya ce bai san mutumin ba. Ni na nace, na ce na yarda da shi, ɗan gida ne. Mai kula da ɗakin gwajinmu, Mama Rifkatu, wata dattijuwa 'yar Filato da ta fi shekara ashirin tana wannan aiki, ta dube ni ta saman tabarau. Bayan kwana takwas kwalba ta iso, da takarda a jiki, da hatimi, da komai.

Haɗin farko bai daskare ba. Na fito da shi daga obin, ɗan murhun da muke ɗumama haɗi a ciki, yana nan caɓa-caɓa, da kumfa a sama kamar ƙullin ƙosai. Na ce ƙila filatinam ne bai isa ba, na ƙara. Ya ɗan kama, amma in ka taɓa sai ya bi yatsa. Na sa shi a tanderu haka nan. Washegari na buɗe, abin da na tarar a mazubi bai fi ɗan gari ba, bakin bututun tanderun kuwa ya yi maiƙo fari. Kusan komai ya bi iska.

Na sake. Na wanke kwalabe, na busar da su, na canza zafi, na canza lokaci. Kowane gashi yana cin yini guda, yana cin iskar agon, sakamako kuma ɗaya ne. Haka na yi kusan wata uku.

Wata ranar Talata Dokta ya ce in kawo littafin aikina. Ya yi ta buɗawa, can ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Wannan waƙafin fa, tsakanin sifili da biyar?"

"Haka muke rubuta rabi a wurinmu, ranka ya daɗe. Ku ɗigo kuke sawa, mu waƙafi."

"To ko dai a sikeli ma haka ake samun ruɗani? Malama Mariyama, wannan haɗin ɗalibai nawa suka yi shi a nan ya daskare. Ko kina barin damshi ya shiga, ko awonki ne ba daidai ba. Koyarwa a allo daban, aiki da hannu daban."

Na ɗauki littafina na fita. Na shiga banɗaki na wanke fuska. Da na dawo na tarar Mama Rifkatu ta ajiye mini kwanon gwate a kan teburina, ta rufe da faranti.

"Ci ki samu ƙarfi, 'yar Nijar," ta ce. "Ni na ga hannunki a sikeli. Ba hannunki ba ne."

"To mene ne, Mama?"

"Wannan kuma ke ce mai karatu."

Ranar Juma'ar makon na kira gida da la'asar. Nafisa ta karɓi wayar ta ce, "Mama, yaushe za a tashe ku daga lakwal? Mu an tashe mu tun ɗazu." Lakwal ita ce makaranta a wurinmu. Mijina da ya ji muryata ya ce, "In abin ya gagara ki dawo, ba abin kunya ba ne. Ajinki yana nan." Da alheri ya faɗa, amma maganar ta fi ta Dokta yi mini ciwo.

Abin da ya cece ni kuwa, ƙafata ce. Yawan taka ruwan Nyanya ya sa tsakanin yatsuna ya yi fari yana ƙaiƙayi. Na je kemis, mai kemis ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a ƙullin takarda, ya ce in jiƙa a roba in riƙa tsoma ƙafa. Ranar Lahadi da hantsi na zuba su a ruwa, ruwan ya rine ya zama shunayya. Ina zaune ƙafa a roba, sai na tuna. Famanganet ne. Kowace shekara sai na yi wa 'yan ajina gwaji da shi: in ka ɗiga shi a kan abu mai irin ɗaurin da ke cikin binil, launin shunayyar sai ya gushe ya koma ruwan ƙasa. In babu wannan ɗaurin, launin yana nan yadda yake. Na'urar da ya kamata ta duba mana rassan folima ta lalace tun kafin in zo, shi ya sa ba wanda ya duba kwalbar. Kowa ya yarda da takardar da ke jikinta, ni ce kan gaba.

Litinin tun kafin masu shara su gama na isa. Na narkar da ɗan ruwan Malam Bala a asiton, wani ruwan narkar da sinadarai, na ɗiga famanganet, na girgiza. Shunayya. Na jira minti goma. Shunayya. Na ƙara girgizawa har hannuna ya gaji, launin ko gezau.

Mama Rifkatu ta zo ta tsaya a bayana. Na yi mata bayani. Sai ta tafi wajen tsohon firijin da ke lungu, ta durƙusa ta yi ta fito da kwalabe. Daga can ƙurya ta zaro wata ƙarama, takardarta ta koɗe.

"Wani ɗalibi ya bar wannan, ya ce in zubar. Ni kuwa ba na zubar da abin da ban ga ya lalace ba. Gwada shi."

Na gwada. Ɗigon farko yana sauka launin ya dushe, ya koma ruwan ƙasa, har da ɗan gari-gari a ƙasa. Ashe babu binil ko kaɗan a kwalbar Malam Bala.

Na kai wa Dokta kwalaben gwajin guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya karɓa ya sake gwajin da kansa, sau biyu. Sannan ya ɗiga ruwan Malam Bala a yatsa ya murza.

"Man silikon ne zalla," ya ce. "Irin wanda ake goge gaban mota da shi. Metil ne daga farko har ƙarshe, ba abin da zai kama. Ɗan daskarewar da kike gani, mai haidirojin ne yake kama damshin iska, shi ne ma kumfar."

Ya kira lambar Malam Bala, a kashe. Ba mu sake ganinsa ba, kuma har yau ban san ko yana da uwa a Maraɗi ba. Dokta ya ajiye wayar, ya cire hula ya shafa kai.

"Malama, na zalunce ki a zato. Ki yafe mini."

"Ni na kawo shi, ranka ya daɗe. Kai ka ce ba ka san shi ba."

"Kin kawo shi, kuma ke kika kama shi. Yanzu saura kwana nawa?"

Saura kwana goma sha tara. Abin da ke cikin kwalbar Mama zai yi haɗi shida ƙanana, sau ɗaya tak. Sai kuma muka duba tukunyar agon, allurar ma'auninta ta kwanta a ƙasa. Gashin banza da na yi ta yi ya shanye ta, sabuwa kuma sai wata mai zuwa. Ba agon, ba gashi, don in iskar waje ta shiga abin ƙonewa zai yi ya zama farin toka.

Mama Rifkatu ta ɗaura ɗankwalinta ta ce, "Akwai wani ɗan cocinmu a Apo. Tashi mu je."

Ban taɓa ganin wuri irin Apo ba. Injuna a ƙasa kamar kawunan shanu a mahauta, baƙin mai ya rine ƙasa, ko'ina ƙarar guduma. Muka ratsa har wata rumfar kwano inda wani mutum mai furfura yake durƙushe yana walda, wata farar wuta tana tashi. Shi ne Oga Sande, mutumin Binuwai. Aikinsa waldar alminiyam, ita kuwa ba ta yiwuwa sai da agon.

Mama ta yi masa bayani. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni.

"Hajiya, me za ka dafa da iska?"

Na faɗa masa iya yadda zan iya: ruwa ne zan mayar da shi dutse. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ruwa ya zama dutse! To. Iska nan da shi nake cin abinci, ka gane? Tukunya biyu gare ni. Wannan ya kusa ƙarewa, wannan cike yake." Ya dubi tulin aikin da ke jiransa. "Daga ina ka zo?"

"Daga Nijar, Oga."

"Nijar! Ka bar yara a gida?"

"Ɗaya."

Ya tashi ya kwance igiyar da ta ɗaure cikakkiyar tukunyar. "Kwana bakwai. Ni zan lallaɓa da wancan. In iska ya rage ka kawo, in bai rage ba ka kawo tukunya." Da kansa ya mirgina ta har bakin titi, ya tsayar mana da mota.

Haɗin farko cikin shidan na yi asararsa. Ɗakin ya yi zafi, na ɗiga filatinam, kafin in juya in ɗauko mazubi abin ya daskare a kofi, da sandar juyawa a tsaye a ciki. Na yi salati, amma a raina har da farin ciki, don wata uku ina neman in ga wannan daskarewar. Mama ta fita ta sayo ƙanƙara wurin masu ruwan leda, muka riƙa haɗawa a cikin kwanon ƙanƙara don rassan su yi haƙuri har a zuba. Biyar suka rage, daga mai ƙarancin binil zuwa mai yawansa.

Tun daga obin suka nuna halinsu. Na ɗaya, mai ƙarancin binil, ya fito da ƙananan ƙofofi, saboda haidirojin da bai samu abokin kamu ba ya koma kan damshi. Na biyar, da binil ya yi wa yawa, ya fito da laushi kamar robar silifa. Na uku, inda aka yi kunnen doki, ya yi tauri kamar gilashi.

Ranar Alhamis da sassafe muka jera su a bututu, muka buɗe iskar Oga Sande, muka kunna tanderu. A hankali ake hawa da zafin. Wajen azahar, muna tsakiyar hawa, aka ɗauke wuta. Na ji fankar tanderun ta tsaya. Ban ankara ba sai na hango Dokta ta taga, babbar riga a kafaɗa, yana gudu zuwa ɗakin janareta. Mutumin da ko sauri ban taɓa ganin ya yi ba. Minti shida wuta ta dawo. Ya shigo yana haki, ya dubi allon zafi, ya ce, "Bai faɗi sosai ba. Ci gaba." Ranar bai koma ofis ba, a kan kujerar roba ya yini tare da mu.

Sai da tanderun ya kwana ya huce muka buɗe. Na jawo mazubin. Guda biyar, baƙaƙe wuluk, kowanne ya ɗan tsuke amma yana nan. Na ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaya ya rage nauyi da yawa, yana marmashewa a gefe. Na biyar ya lanƙwashe kamar ganye. Na uku shi ya fi kowa riƙe nauyinsa, kusan kashi takwas cikin goma, amma ya tsage gida biyu. Na huɗu ya fi shi asarar nauyi kaɗan, sai dai ya fito sumul, ba tsaga ko ɗaya.

Dokta ya daɗe yana juya na uku da na huɗu a tafin hannu. "Me kika gani?"

"Na uku ragarsa ta yi tsauri da yawa," na ce. "Lokacin da yake tsukewa, iska kuma tana neman hanyar fita, bai da inda zai saki, sai ya fashe. Na huɗu yana da ɗan sassauci. Yawan kamu yana riƙe nauyi, amma ba shi kaɗai ake nema ba."

"Rubuta haka," ya ce. "Da waƙafinki ma in kin so."

Agon ya ishe mu gashi na biyu da 'yan guntayen da na ware, sakamakon ya sake fitowa haka. Ranar kwamiti na fara da kwalaben famanganet, na faɗi kuskurena da bakina kafin a tambaye ni. Aka sabunta mini gurbi.

Tukunyar kuwa tun a rana ta bakwai muka mayar da ita, da sauran iska a ciki. Na tafi wa Oga Sande da kilishin da mijina ya aiko, da fai-fai na huɗu a ƙulle a hankici. Ya karɓa ya jujjuya, ya ciza da haƙori, ya ƙwanƙwasa a ƙarfe.

"Wannan ne ruwan?"

"Shi ne, Oga."

Bai yarda ba sai da ya gwada. Ya kama shi da filaya, ya kunna wutar gas, ya ɗora a kai. Makanikai suka taru. Fai-fan ya yi ja kamar garwashi, ni kuwa ina ta addu'a a zuci. Ya janye wutar, ya jira ya huce. Yana nan yadda yake.

Oga Sande ya ajiye filayar. Sai ya shiga rumfa ya fito da wani ɗan abu kamar kofin shayi na 'yar tsana, bakinsa a fashe.

"Ka ga wannan? A bakin abin walda yake zama, iska yana bi ta ciki. Daga waje ake kawo shi. Kullum yana fashewa, wani lokaci sati biyu ina nema a kasuwa babu. Za ka iya dafa mini irinsa?"

"Ban iya ba tukuna, Oga. Fai-fai daban, abu mai rami daban. Zai tsuke, zai iya tsagewa."

"Ban ce gobe ba," ya ce, ya danƙa mini shi a hannu. "Ka tafi da shi ka auna."

Na nuna wa Dokta washegari, ya duba ya ce in sa shi cikin tsarin aikina na shekara ta biyu. Zuwa yanzu na gasa guda goma sha ɗaya. Tara sun fashe a tanderu, ɗaya ya fashe a hannun Oga Sande. Na goma sha ɗayan yana bakin abin waldarsa, yau kwana ashirin da uku.